Kafin Ka Ce Makanike Ya Rage Wa Motarka Shan Mai

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Direban Golf ko Sharon da ke jigila tsakanin Kano da Ɗambatta, da mai a-kori-kura da ke kwaso gero da gyaɗa daga ƙauyukan Bichi da Tsanyawa zuwa Dawanau, duk buƙata ɗaya suke kai wa gareji: a rage wa motar nan shan mai. Buƙatar tana kan hanya. Sai dai yawancin abin da ake yi wa inji da sunan biyan ta, kuɗin da aka yi tsiminsu a gidan mai ne ake zuwa a zube a Ƙofar Ruwa wajen sayen kayan gyara.

Inji ba fetur zalla yake ƙonawa ba, gaurayen fetur da iska yake ƙonawa, kuma iskar ce mai rinjaye. A ma'aunin nauyi, kowane kilo ɗaya na fetur yana son iska kilo 14.7 kafin ya ƙone ƙurmus. Duk wadda ta taɓa girki da risho ta san wannan: idan wutar ta yi shuɗi, lagwani da iska sun daidaita, idan ta yi ja tana hayaƙi, kananzir ne ke tafiya a banza yana baƙanta tukunya. Aikin kafireta a tsofaffin motoci, da na injekta a na baya-bayan nan, shi ne riƙe wannan ma'auni, ko motar tana silo a tasha ko tana hawa da lodi.

Hanya mafi arha da ake bi ita ce a matse kafireta, ko a sa mata jet mai ƙaramin rami. Kwana biyu na farko direba zai ga kamar an dace. Amma injin da mai ya yi masa kaɗan zafi yake ɗauka fiye da kima, ƙarfinsa ya ragu, direba ya riƙa danne totur don ya samu gudun da ya saba, man da aka rage ya dawo ta bayan gida. A watan Afrilu, da fasinja maƙil da buhuna a but, irin wannan zafi ne ke ƙona bawul, ya busa gasket, wani lokaci har ya huda kan fistin. Idan kuma man ya yi yawa, za ka ga baƙin hayaƙi a salansa, fetur ɗin da bai ƙone ba ya riƙa gangarawa yana tsinka baƙin mai, zobban fistin su cinye da wuri.

Ba sai da na'ura za ka gane inda motarka ta karkata ba. Bayan doguwar tafiya, a bari inji ya huce, a kwance fulogi ɗaya, ka dubi bakinsa da kanka. Idan ruwan ƙasa ne mai haske kuma a bushe, lafiya lau. Baƙi mai toka-toka da ke kama yatsa, mai ya yi yawa, ko matatar iska ta toshe. Fari fat, har da 'yan ƙuraje a jikin tangaran ɗin, wannan inji yunwa yake ji, a gaggauta sake masa mai. Game da matatar iska, a yankinmu da rabin tafiya a kan burji ake yi, ga ƙurar hunturu, sau da yawa ita kaɗai ce laifin. Masu cire ta su jefar don wai mota ta numfasa, yashi suke ɗura wa inji.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake rabke injekta a ɗora kafireta, don kawai makanike bai iya gyaran ta ba. Motar injekta tana da 'yar kwamfutar da ke auna iskar da ta shiga, da zafin inji, da hayaƙin da ya fita, ta daidaita feshin mai sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Babu kafiretar da za ta kama ƙafarta a tsimi. Famfonta ma yana tura mai da matsi kusan bar 3 (bar shi ne ma'aunin matsi), ita kuwa kafireta ko rabin bar ɗaya ba ta buƙata, don haka idan ba a sauya famfon ba sai ta yi ta ambaliya. Galibi abin da ya lalace bai wuce nozul da datti ya toshe ba, ko sensar salansa da ta mutu, ko matatar mai. Dattin kuwa daga galan da mazurarin 'yan bumburutu yake yawan shigowa, wanda mutumin ƙauye ba shi da makawa sai ya saya. Haka nan al'adar cire tamostat a haɗa fankar lagireto kai tsaye: kwamfutar sai ta ɗauka inji bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara mai tun daga Kunchi har Kano.

Sai batun gas, wanda wasu ke komawa gare shi don gudun tsadar fetur. Iri biyu ne, kuma rikita su kisa ne. Akwai na girki, wanda manoman rani a bakin madatsun ruwa irin su Watari da Tomas suka koma sa wa injin ban ruwa ta hanyar sauya masa kafireta. Akwai kuma CNG, wanda gwamnatin tarayya ta kafa wa shiri na musamman a 2023, aka kuma fara shimfiɗa bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 don kawo irinsa Arewa. Matsin da ke cikin tukunyar girki bai cika wuce bar 10 ba. CNG kuwa a bar 200 ake ɗura shi, cikin tukunyar ƙarfe mai kauri wadda ba ta da walda, da ranar ƙerawa da ta ƙarewar aiki a buge a wuyanta. A watan Oktoba na 2024, wata mota ta tarwatse a gidan ɗura gas a birnin Benin, ta jikkata mutane, aka gano tukunyar haɗin mai walda ce. Duk tukunyar da ba ka ga wannan rubutu a jikinta ba, komai arharta, bar ta.

Ko da kayan masu kyau ne, ɗaurawa rabin aiki ne, saiti shi ne sauran. CNG ya fi fetur son iska, kusan kashi 17 ga 1, kuma ya fi shi jinkirin kamawa, don haka sai an gyara lokacin tartsatsin fulogi. Ƙarfin mota zai ɗan ragu, abin da mai ɗaukar kaya zai ji a jikinsa. Gas busasshe ne, ba ya sanyaya bawul kamar fetur, sai an riƙa duba tazarar bawul a kai a kai. Kada kuma a bar tanki wayam, domin yawancin motocin injekta da fetur suke tashi kafin su juya, famfon da ke juyawa babu mai kuwa ƙonewa yake.

Direban karkara ya kuma yi lissafin da na birni ba ya yi. Tukunya mai lita 65 abin da take ɗauka bai wuce kwatankwacin fetur lita 15 ba, ga nauyi wajen kilo 60, ga shi ta cinye but ɗin da ake cin kasuwar Lahadi ta Ɗambatta da shi. Wuraren ɗurawa kuma a manyan birane suke. Wanda kullum yake shiga Kano zai iya cin riba. Wanda zirga-zirgarsa tsakanin Makoɗa da ƙauyuka take, sai ya auna man da zai ƙona wajen zuwa nemo gas ɗin.

Ga masu injin ban ruwa: gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yoyo ƙasa yake kwantawa, kuma injin a rami kusa da ruwa aka saba ajiye shi. A bar tukunyar a sama, a tsaye, a inuwa, nesa da salansa. A sa tiyon gas na ainihi, ba na ruwa ba, a ɗaure bakinsa da kilif. Kafin a ja igiya, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. In ya yi kumfa, a rufe tukunyar a sake ɗaurin.