A.C. Green: Wasa 1,192 Ba Fashi

A gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, kowace ƙungiya tana buga wasa 82 a kaka guda, cikin wata shida kacal. Yau ana wasa a gabashin ƙasa, gobe a kwana a jirgi, jibi a wayi gari a yamma. Ƙattai ne masu tsawon mita biyu suke tsalle suna dira kan katako, suna ture juna da kafaɗa da gwiwar hannu. Targaɗe da karayar yatsa da ciwon baya abincin yau da kullum ne. Shi ya sa ɗan wasan da ya kammala kaka ɗaya bai yi fashi ba, sai a yaba masa.

A.C. Green ya yi haka sama da shekara goma sha huɗu a jere. Daga ranar 19 ga Nuwamba 1986 har zuwa 18 ga Afrilu 2001, ba a taɓa busa usur ƙungiyarsa ta shiga fili babu shi ba. Wasa 1,192 ke nan ba yankewa, kuma har yau babu wanda ya kamo shi.

An haife shi a birnin Portland na jihar Oregon a 1963. Ya yi karatu da wasa a Jami'ar Jihar Oregon, sannan ƙungiyar Los Angeles Lakers ta ɗauke shi a 1985, shi ne na 23 a jerin waɗanda aka zaɓa a shekarar. Ya tarar da gida cike da taurari: Magic Johnson, Kareem Abdul-Jabbar, James Worthy, ga kuma koci Pat Riley. Wurin sheƙi an riga an cike shi, saura aikin wahala, shi kuwa ya rungume shi. Shi ne mai tare abokin gaba, mai kokawar cafke ƙwallon da ta bugi kwando ta dawo, mai gudu gaba da baya ba gajiya. A shekara takwas da ya fara yi a Lakers, sau shida yana zama wanda ya fi kowa a ƙungiyar cafke irin wannan ƙwallo. Da shi suka ci kofi a 1987 da 1988. A 1990 masu kallo suka zaɓe shi cikin biyar ɗin farko na wasan taurari, har ya sha gaban Karl Malone, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce, domin Malone ya fi shi zura ƙwallo nesa ba kusa ba.

Wasa uku rak na kaka ya rasa a duk rayuwarsa ta NBA, dukansu a farkon kakarsa ta biyu. Daga nan bai ƙara ba.

Sai dai a Los Angeles ta wancan zamani, wani abu dabam ne ya fi sa a riƙa nuna shi da yatsa. Lakers ta shekarun 1980 ta yi suna wajen shagali kamar yadda ta yi suna wajen cin wasa. Bayan an tashi daga fili sai gidan rawa, mata kuma na jiran 'yan wasa a harabar otal a duk garin da suka sauka. Green Kirista ne da ya riƙe addininsa tun yana makarantar sakandare, kuma ya faɗa a fili cewa bai taɓa sanin mace ba, ba kuma zai sani ba sai ya yi aure. Abokan wasansa suka ɗauki maganar abin dariya, suna cewa a ba shi 'yan watanni kawai. Har mata suka riƙa tura masa don su ga iyakar gudun ruwansa. Shi kuwa sai ya sallame su cikin mutunci, wani lokaci ma da ayoyin Littafi Mai Tsarki. Da watanni suka zama shekaru, tsokana ta ragu, girmamawa ta maye gurbinta.

A 1989, yana tsakiyar ganiyarsa, ya kafa gidauniya mai sunansa domin matasa. Bai jira ya yi ritaya ba. Gidauniyar ta riƙa shirya sansanin horo lokacin hutun makaranta, musamman ga yaran da iyayensu ba masu hali ba ne. Ƙwallon kwando ce ke jawo su, amma in sun zo, sai a haɗa musu da darasin tarbiyya: sanin darajar kai, riƙe karatu, nisantar ƙwaya, zaɓen abokai, da kame kai har zuwa aure. Shi da kansa yake tsayawa gaban yaran, a sansani da kuma a makarantun da yake ziyarta. Daga baya ya haɗa kai da wasu fitattun 'yan wasa, irin su David Robinson da Barry Sanders, suka yi bidiyo mai ɗauke da wannan saƙo.

Lokacin kuwa ya dace da buƙata. A 1991 haihuwa tsakanin 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Amurka ta kai kusan 62 cikin kowane dubu, adadi mafi yawa cikin shekaru masu dama. A shekarar ce tsohon tauraro Wilt Chamberlain ya fitar da littafi yana alfahari da cewa ya kwana da mata dubu ashirin. Sannan a ranar 7 ga Nuwamba, Magic Johnson ya tsaya gaban 'yan jarida ya sanar da cewa yana ɗauke da ƙwayar cutar da ke haifar da ƙanjamau, kuma zai ajiye wasa nan take. A wancan lokaci mutane na ɗaukar wannan cuta tamkar hukuncin kisa. Magic abokin Green ne, shekara shida suna ɗakin sauya kaya ɗaya. Waɗanda a da suke jin maganar Green su yi murmushi, yanzu suka fara kasa kunne.

A 1993 ya koma Phoenix Suns, kuma a can ne jerin wasanninsa ya gamu da jarrabawa mafi tsanani. A watan Fabrairu 1996, yana dab da cika wasa 800, ɗan wasan New York Knicks mai suna J.R. Reid ya kai masa gwiwar hannu a baki, ya yi asarar haƙora biyu. Hukumar gasar ta ci tarar Reid dala dubu goma, ta kuma dakatar da shi wasa biyu. Green bai huta ko wasa ɗaya ba. Ya sa abin kare fuska na roba ya dawo, ko da yake a wasanni da dama bayan nan 'yan mintuna kawai koci ke sa shi, wani lokaci ma bai kai haka ba. Masu suka suka ce wannan dabara ce ta raya lissafi, ba wasa ba ne. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Amma wasannin da ya leƙa ya fito ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada su da sama da dubu da ya buga da gumi.

A Disamba 1996 aka yi musayarsa zuwa Dallas Mavericks, a cinikin da ya kai Jason Kidd Phoenix. Saboda bambancin jadawalin ƙungiyoyin biyu, a kakar nan wasa 83 ya buga, ya zarce abin da aka tsara wa kowa da ɗaya. A Dallas ɗin ne, ranar 20 ga Nuwamba 1997, ya buga wasa na 907, ya karya tarihin Randy Smith mai 906. Dallas ta lokacin ƙungiya ce da ke shan kashi dare bayan dare, ba kofi a gaba, ba wani abin a-zo-a-gani. Duk da haka kullum yana nan.

Ya dawo Lakers a 1999 yana da shekara 36. Taurari sun sauya, yanzu Shaquille O'Neal ne da Kobe Bryant, koci kuma Phil Jackson. Dattijon ƙungiya ya fara dukan wasanni 82 cikin biyar ɗin farko, suka ci kofi a 2000, na ukunsa ke nan. A lokacin ne aka riƙa ganinsa a benci da wata 'yar tsana koriya a ka, alamar gidauniyarsa, domin ko kyamara ta hasko shi yara su tuna da saƙon. Kakarsa ta ƙarshe ya yi ta a Miami, ƙarƙashin tsohon kocinsa Pat Riley. Ya ajiye wasa da 1,278 cikin 1,281 da ƙungiyoyinsa suka buga. A Afrilu 2002, yana da shekara 38, ya yi aure.

Hanyar da ya bi wajen wa'azi ga matasa ba ta rasa masu ja da ita ba. A 2007 wani bincike da majalisar dokokin Amurka ta sa aka yi kan wasu shirye-shirye huɗu na koyar da kame kai ya gano cewa ba su sauya halin yaran da suka shiga ba. Ba shirinsa aka auna ba, amma binciken ya nuna cewa lacca ita kaɗai ba ta isa. Abin da Green ke da shi wanda manhaja ba ta da shi, shi ne shaida. Yaro na iya raina mai cewa ka yi haƙuri alhali bai taɓa samun dama ba. Wannan kuwa mutum ne da kuɗi da suna da ƙuruciya suka taru a hannunsa, a garin da ake sayen komai, kuma abokansa da suka gwada shi su ne suke ba da labarinsa. A lokacin da yake wasa, idan ya ce wa yaro ka cika alkawarin da ka ɗaukar wa kanka, yaron na iya kunna talabijin a daren nan ya gan shi a fili, inda ya ce za a same shi. Gani ya kori ji.

Matsakaicin makinsa bai kai goma a wasa ba, don haka ba a sa shi a sahun manyan gwanaye. Amma zamani ya ƙara wa tarihinsa nauyi. Yanzu ƙungiyoyi na hutar da taurarinsu da gangan don tattalin jiki, har ta kai a 2023 hukumar NBA ta kafa doka cewa sai ɗan wasa ya buga aƙalla wasa 65 kafin ya cancanci manyan lambobin yabo na kaka. Duk matashin da ya shigo gasar yau da niyyar kamo Green, sai ya shekara goma sha huɗu da rabi bai yi zazzaɓin da zai kwantar da shi ba, bai karye ba, ba a dakatar da shi ba, kuma babu kocin da ya ga ya dace a bar shi a benci.