Wasiƙun barazana ta intanet: ba su da hoto, tsoro suke saidawa

Tun daga watan Yuli na shekarar 2018 wata irin wasiƙa ta bazu cikin akwatunan imel na duniya, da Ingilishi ko da Faransanci. Mai ita kan ce ya kutsa cikin kwamfutar mutum, ya ɗauki hotonsa yana kallon abin kunya, kuma in ba a biya shi da Bitcoin cikin kwana ɗaya ko biyu ba, zai rarraba hoton ga iyali da abokan aiki. Domin ya ƙara tada hankali, sai ya rubuto wata kalmar sirri wadda mutum ya san tasa ce.

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da ya yi shekaru yana tattalin mutuncinsa kan gwammace ya biya a ɓoye da a ji sunansa a gari. A kan wannan kunyar ƴan damfara suka kafa sana'arsu.

Gaskiyar al'amari, ba su da hoton kowa. Kalmar sirrin kuwa tsohuwa ce, daga bayanan da aka sace wa manyan kamfanoni. An kutsa LinkedIn a 2012, kuma a 2016 aka baje bayanan mutane sama da miliyan 100 domin saidawa. Daga irin waɗannan jerin sunaye suke ɗibar adireshi, su aika wasiƙa iri guda ga dubban mutane, su jira wanda zai firgita. Ko da wasiƙar ta nuna daga akwatin mutum ta fito, ba hujja ba ce, domin ana iya ƙaga sunan mai aikowa kamar yadda kowa ke iya rubuta sunan wani a bayan ambulan.

Wanda ya samu irinta kada ya biya, kada ya maida amsa, kada ya buɗe abin da aka liƙo da ita. Ya canza wannan kalmar sirri duk inda yake aiki da ita, ya ba kowane akwati tasa daban, doguwa, wadda ba sunan ɗansa ko lambar wayarsa ba. Ya kuma kunna tsarin da ke aiko wata lamba ta waya kafin a buɗe akwati. Shafin Have I Been Pwned, da aka kafa a 2013, yana nuna wa mutum kyauta ko adireshinsa na cikin waɗanda aka sace.

A Nijar, tun 2019 akwai dokar hukunta laifukan intanet. Wanda aka matsa wa ya adana wasiƙar, ya kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma.