Karen Hausa da Kwanakin Gumi

A ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da wuya mutum ya shiga ƙauye ko ruga bai gamu da kare ba. Yawancinsu iri ɗaya ne, watau wanda mu ke kira karen Hausa. Siriri ne, yana da dogayen ƙafafu da dogon baki da shafaffen ciki. Waɗansu jajaye ne, waɗansu masu ruwan ƙasa, akwai kuma masu roɗi-roɗi. Gashinsa gajere ne ƙwarai, ya kwanta luf bisa fata. Manoma su kan ajiye shi don gadin gida, Fulani don tsaron garke, mafarauta kuwa don kamun zomo da gafiya.

Ƙasar nan tamu, arewacin Jihar Zamfara, ƙasar zafi ce. A watan Afrilu ma'aunin zafi ya kan haura digiri 40 da tsakar rana. Mu mutane in zafi ya dame mu sai mu yi gumi. To, kun taɓa ganin kare ya jiƙe sharkaf da gumi, kamar yadda doki ya ke yi bayan sukuwa? Ba ku taɓa gani ba, ba kuwa za ku gani ba. Kafin mu san dabarar kare, sai mu fara sanin amfanin gumi.

Ku dubi randar da ke ɗakin uwayenku. Ruwan cikinta ya fi na bokitin ƙarfe sanyi, ko da an ɗebo su daga rijiya ɗaya. Dalili shi ne, jikin randa yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu kaɗan kaɗan, iska ta busar da shi. Duk sa'ad da ruwa ya bushe ya bi iska, sai ya tafi da wani zafi tare da shi. Ku gwada da kanku. Ku jiƙa yatsa ɗaya, ku bar ɗaya a bushe, ku hura musu iska, za ku ji wanda ya fi sanyi. Jikin mutum kamar randa ya ke, gumi shi ne ruwan da ke tsattsafowa.

Shi kare fatarsa ba ta yin gumin da zai sanyaya shi, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafafunsa. Randarsa tana cikin hancinsa da bakinsa. In ya ji zafi sai ya wage baki, ya zaro harshe, ya shiga haki. Yana kwance lafiya numfashinsa bai fi sau 20 ko 30 a minti ɗaya ba, amma in yana haki ya kan kai sau 300. Iskar nan tana bi ta kan danshin hanci da harshe da maƙogwaro, tana busar da shi. Jini mai zafi yana zuwa wurin ta jijiyoyi, ya huce, ya koma cikin jiki. Abin da ya sa ke nan harshen kare ya kan yi faɗi ya yi ja wur bayan ya yi gudu, gama jini ne ya cika shi. Dogon bakin karen Hausa yana taimakonsa a nan, don wurin da iska za ta busar yana da yawa.

Yanzu ga inda wahalar ta ke. Da hunturu, in aka yi shanya da safe, kafin hantsi ta bushe ƙayau, domin iskar da ke zuwa daga hamada busasshiya ce. Amma wajen watan Mayu iska ta kan juya, ta riƙa zuwa daga kudu maso yamma, daga wajen teku, ɗauke da laima. Rana tana nan da zafinta, ruwan sama bai kankama ba, hadari ya haɗu ya watse, kowa na fifita. Waɗannan su ne kwanakin gumi. Haka kuma a tsakiyar damina, in rana ta buɗe bayan an sha ruwa, musamman a fadamun gulbin Gagare da na Bunsuru. Iskar da ta riga ta ƙoshi da laima ba ta iya ɗaukar wani ruwa mai yawa. Shanya ta kan yini ba ta bushe ba, ruwan randa ba ya yin sanyi sosai, harshen kare ma ba ya bushewa. Sai ya yi ta haki, yawu na zuba ƙasa, amma zafin bai fita ba. Saboda haka ranar gumi ta fi cutar kare bisa ranar da ta fi ta zafi amma iska na bushe.

A irin wannan rana ne gajeren gashi ya ke nuna amfaninsa. Gashi mai kauri kamar bargo ya ke, yana riƙe zafi a jiki. Karen Hausa kuwa ba shi da bargon nan, ba shi kuma da kitse mai yawa, ko 'yar iska ce ta kaɗa sai ta taɓa fatarsa. Cikinsa ma kusan ba gashi. Shi ya sa ya ke tone ƙasa a ƙarƙashin rumbu ko gindin randa, ya ture ta sama mai zafi, ya kwanta rub da ciki bisa mai sanyi. Kada ku kore shi, magani ya ke yi wa kansa. In ruwa ya dake shi, girgiza biyu ta ishe shi, ba da jimawa ba ya bushe, fatarsa ba ta ruɓewa. Kaska da ƙuma, waɗanda su ke yawaita da damina, ba su samun wurin ɓuya, mai shi yana ganinsu ya cire.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan kare ba. Buzaye na ƙasar Azawak, tsakanin Nijar da Mali, suna da nasu wanda ya fi namu tsawo da sirantaka. A kurmin Kwango, inda laima ba ta yankewa, akwai wani ƙarami mai gajeren gashi da a ke kira Basenji. Amma babban karen nan na Jamus, wanda 'yan sanda su ke aiki da shi, gashinsa rufi biyu ne, don sanyin ƙasarsu. Wanda ya fi shi shan wuya shi ne Buldog na Ingila. Gashinsa gajere ne kamar na namu, amma hancinsa a murtuke ya ke, iska ba ta samun hanya. A ganina, wanda ya zuba kuɗi ya sayo irin waɗannan ya kawo su garinmu, ya sayo wa kansa jinya.

Amma fa gajeren gashi ba ya tare rana. Tana ratsa shi ta gasa fata, balle in karen baƙi ne. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, na kare 38 zuwa 39. In nasa ya wuce 41, yana bakin mutuwa. Kare sake ya san inda inuwa ta ke. Wanda a ka ɗaure shi ne abin tausayi, gama inuwar safe ba ita ce ta azahar ba. In za ku ɗaure shi, ku dubi inda inuwa za ta koma. Ku keɓe masa kaskonsa dabam, kada ya sha a ƙwaryar mutane, ku cika shi safe da rana da maraice. Kada kuma ku sa shi tsere da tsakar rana, ko ku ja shi bayan keke ko babur.

In kun ga kare yana haki ba ƙaƙƙautawa, yana tangaɗi, ko ya faɗi ya kasa tashi, ku kira babba. A kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa mai sanyi a ciki da wuya da hamata, a yi masa fifita. In zai iya sha, a ba shi kaɗan kaɗan, kada a ɗura masa. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, don zai tsare zafin. Sa'an nan a nemi likitan dabbobi.

Wannan duk ga karen gidanku ne, wanda ku ka san abin da ya same shi. Baƙon kare mai dalalar da yawu, yana yawo ba ya jin kira, yana kai cizo ga duk abin da ya tarar, kada ku matsa kusa da shi, mai yiwuwa ciwon hauka ne. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne.