Daga Utai Zuwa Ɗakin Kwamfuta: Ta Ina Ɗalibi Zai Fara?

Utai, da ke cikin Ƙaramar Hukumar Wudil ta Jihar Kano, tsohon gari ne da tarihi ya san shi da malamai. Nan ne mazaunin Joɓawa, dangin Malam Bakatsine, ɗaya daga cikin malaman da suka jagoranci jihadi a ƙasar Kano a farkon ƙarni na 19. A yau kuwa wani fannin ilmi ya zo wa mutanen wannan yanki har gida. Gwamnatin Jihar Kano ta kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Wudil, aka fara karatu a cikinta a shekarar 2001, sannan a 2022 aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote. Daga cikin tsangayoyinta akwai ta ilmin kwamfuta da lissafi.

To amma kusanci da jami'a ba ya bai wa kowa gurbin karatu. Yaro zai iya wuce ƙofarta kowace Juma'a a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Wudil, amma ya rasa damar shiga saboda shawarar da ya yanke tun yana aji ɗaya na babbar sakandare, ba tare da ya san nauyinta ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa ɗalibai da malamansu inda hanyar ta faro. Ba a shagon sayar da kwamfuta ta faro ba, a cikin littafin lissafi ta faro.

Taɓa Kwamfuta Daban, Ilmin Kwamfuta Daban

Da yawa daga cikin matasanmu sun ɗauka cewa wanda ya iya buga takarda, ko cika wa mutane fom a shagon intanet, ya zama masanin kwamfuta. Wannan sana'a ce ta halal, kuma tana ciyar da gidaje, amma matsayinta kamar na direba ne. Direba ya iya tuƙi, bakanike ya iya gyara, injiniya kuwa shi ya zana injin tun kafin a ƙera shi. Ilmin kwamfuta na jami'a ya fi kusa da aikin injiniya.

Na'ura mai ƙwaƙwalwa, duk da wannan suna da muka ba ta, ba ta da hankalin kanta. Abu biyu kawai ta sani: akwai wuta ko babu wuta, wato 1 da 0. Da waɗannan take ajiye komai. Babban harafin A a wurinta lamba ce, 65, wadda take rubutawa 01000001. Aikin masanin kwamfuta shi ne ya ɗauki wata matsala, ya yanka ta gunduwa-gunduwa, ya jera matakan warware ta dalla-dalla, ta yadda na'urar za ta bi ba tare da ta yi tambaya ba. Wannan jerin matakai shi ake kira algoridim. Kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9.

Darasi Daga Hatimi

Kada mai karatu ya zaci irin wannan tunani baƙo ne a ƙasar Hausa. Wani malamin Katsina, Muhammad ɗan Muhammad Alfulani Alkashinawi, ya rubuta littafi da Larabci a shekarar 1732 kan hanyoyin cika hatimi mai gidaje mara, wato 3 ko 5 ko 7 a kowane layi, ta yadda jimillar kowane layi za ta zo daidai. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har yanzu masu tarihin lissafi suna ambaton aikinsa.

Ga wata sananniyar hanya ta cika irin wannan hatimi, ɗalibi ya jarraba. Zana gidaje 9, uku a kowane layi. Sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Daga kowace lamba, ka hau gida ɗaya sama, ka matsa gida ɗaya dama, ka sa lamba ta gaba. Idan ka fita ta sama, ka dawo ta ƙasa. Idan ka fita ta dama, ka dawo ta hagu. Idan ka tarar da gidan a cike, ka sa lambar a ƙarƙashin wadda ka rubuta ƙarshe. In ka bi daidai, layin sama zai zama 8, 1, 6, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 4, 9, 2. Ko ta ina ka haɗa, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za ka samu. Waɗannan ƙa'idoji su za su cika hatimi mai gidaje 25, inda kowane layi zai ba da 65.

Abin da ka yi yanzu shi ne bin algoridim. Idan ka ji daɗin yinsa, har ka fara tambayar kanka dalilin da ya sa yake aiki, to ka samu alamar farko cewa wannan fanni zai karɓe ka.

Me Ya Kawo Lissafi?

A ce an ba ka sunaye 1,000,000 a jere bisa abacada, aka ce ka nemo suna ɗaya. Idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya, mai yiwuwa sai ka duba dukkansu. Amma idan ka buɗe tsakiya, ka ga sunan yana gaba ko baya, ka jefar da rabin da ba ya ciki, ka sake buɗe tsakiyar abin da ya rage, ba za ka wuce dubawa 20 ba. Dalili kuwa, idan aka ninka 2 da kanta sau 20, za a samu 1,048,576. Na'ura ɗaya, aiki ɗaya, amma tunanin mai tsarawa ya mayar da miliyan zuwa ashirin. Irin wannan tunani ne ake biyan masana kuɗi dominsa, kuma tushensa shi ne darasin logaridim da ɗalibai ke gudu a aji.

Ƙofar Shiga

Mai son karanta ilmin kwamfuta a jami'a sai ya bi ajin kimiyya. Bisa al'ada ana neman kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, cikinsu har da Turanci da Lissafi da Fiziks. A jarrabawar JAMB kuma, wadda tun 2015 da kwamfuta ake rubuta ta gaba ɗaya, akan haɗa Turanci da Lissafi da Fiziks da darasi na huɗu kamar Kemistiri. Jami'o'i sukan ɗan bambanta, don haka wajibi ne a duba ƙasidar JAMB ta shekarar kafin a cika fom. Wanda ya ajiye Fiziks don tsoro ya rufe wa kansa wannan ƙofa, sai dai ya koma baya ya sake.

Jihar Kano tana da tsohon tanadi a nan. Tun 1977 aka buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma ana shigarsu ta hanyar jarrabawa. Ɗalibin ƙaramar sakandare da ke Utai ya kamata ya sa ido kan wannan tun da wuri.

Jami'a kuma ba ita kaɗai ce hanya ba. Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano tana ba da ƙaramar difiloma ta shekara 2 da babbar difiloma ta wasu shekara 2. Mai ƙaramar difiloma da sakamako mai kyau zai iya neman shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Akwai kuma shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 da niyyar horar da matasa miliyan 3 a fannonin fasaha.

Rassan Sana'ar

A Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar da sabon tsarin manhajar karatu, inda ta ware ilmin kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa, mai rassa da dama. Ya kamata ɗalibi ya san su, ya auna da halinsa.

Injiniyan manhaja shi ke gina abin da muke amfani da shi a waya da banki da asibiti, kuma yana bukatar haƙurin neman kuskure guda a cikin layuka ɗaruruwa. Masanin bayanai yana tattara alƙaluma, kamar farashin shanu a karar Wudil na tsawon shekaru, ya fito da ma'anar da ke cikinsu, don haka sai mai son ƙididdiga. Masanin tsaron intanet shi ne mai gadin dukiya da sirrin jama'a, kuma amana ce jarinsa. Masanin sadarwa yana haɗa na'urori su yi magana da juna. Wanda kuwa hannunsa ke ƙaiƙayin kwance rediyo, ya dubi injiniyancin kwamfuta ko na lantarki, waɗanda suke tsangayar injiniya, kuma suke neman Kemistiri.

Kada ka zaɓi reshe don an ce ya fi kuɗi. Tushensu ɗaya ne, kuma shekarun farko na karatunsu sun yi kama da juna. Ka fara da tushen, reshen da ya dace da kai zai bayyana.

Wanda Ba Shi Da Kwamfuta Fa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun ɗan ƙauye, ga tsadar na'ura ga ƙarancin wutar lantarki. Amsar ita ce, rashin na'ura yana rage sauri, amma ba ya hana farawa. Ada Lovelace, wata mace 'yar Ingila, ta wallafa matakan lissafi a 1843 domin injin Charles Babbage, injin da ba a taɓa kammala ƙera shi ba. Wannan kuma ishara ce ga ɗalibai mata cewa ba aron fannin suka zo yi ba.

Mataki na farko, takarda da biro. Rubuta matakan gano lamba mafi girma a cikin lambobi 10, ka ba abokinka ya bi su kamar na'ura, ba ƙari ba ragi. Inda ya tsaya yana tambaya, nan kuskurenka yake. Na biyu, zaɓi harshen kwamfuta guda ɗaya ka tsaya a kansa. Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, yana da sauƙi ga mai koyo, kyauta ne, kuma manhajar Pydroid 3 tana ba da damar rubuta shi a wayar Android. Na uku, ka gina wani ƙaramin abu mai amfani: mai lissafa sakamakon jarrabawar ajinku, ko mai riƙe lissafin adashin mahaifiyarka. Na huɗu, ka gyara Turancinka, domin da shi aka rubuta yawancin littattafan fannin, kuma da shi na'urar za ta gaya maka inda ka yi kuskure. Minti 30 kullum ya fi awa 5 sau ɗaya a wata, don da yayyafi kogi ke cika.

Gonar Da Ba A Gama Nomewa Ba

Bahaushe yana da wata dama da wasu ba su da ita, wato harshensa. A shekarun 1990 rubuta ɓ da ɗ da ƙ a kwamfuta wahala ce, har Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffa masu lanƙwasa domin magance ta. Yanzu kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode: ƙ ita ce 409, ɓ 595, ɗ kuma 599. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a Disambar 2013. A 2022 wasu masu bincike, ƙarƙashin jagorancin Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero, suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin Buroka, wanda ake koya wa na'ura gane yabo da suka da shi. Duk da haka, har yanzu na'urori sun fi ƙwarewa a Turanci nesa ba kusa ba. Mai cike wannan giɓi sai wanda ya san Hausa kuma ya san lissafi.

Gargaɗi Biyu

Na farko, tun fitowar ChatGPT a Nuwambar 2022, na'ura tana iya rubuta wa mutum manhaja cikin daƙiƙoƙi. Ɗalibin da ya mayar da ita mai yi masa aikin gida ya cuci kansa, domin takan yi kuskure, kuma sai wanda ya san tushe yake gane kuskuren. Ka yi aikin da kanka tukuna, sannan ka tambaye ta inda ka kauce.

Na biyu, damfara ta intanet ba sana'ar kwamfuta ba ce, sata ce. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri da tara a kanta. Fannin nan a kan amana ya tsaya, kuma wanda sunansa ya ɓaci babu bankin da zai damƙa masa mabuɗi.

Jan Hankali Ga Malamai

Malamin lissafi shi ne malamin kwamfuta na farko, ko da makarantarsa ba ta da na'ura ko ɗaya. Ana iya koyar da hatimi da allo da alli. Ana iya jera ɗalibai bisa tsawo, a sa su fito da matakan da suka bi. Mafi muhimmanci, a zaunar da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, maza da mata, a bayyana musu abin da zaɓen darussa yake buɗewa da abin da yake rufewa, tun kafin su zaɓa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kai kuma ɗalibi, a Utai kake ko a wani gari, kada ka jira sai ka mallaki na'ura. Ɗauko takarda a daren yau, ka zana gidaje 25, ka ga ko kowane layi zai ba ka 65.