Nadama da Tuba

Nadama ita ce zafin da zuciya kan ji idan mutum ya gane ya aikata ba daidai ba. Ta bambanta da takaicin asara. Ɓarawon da aka kama yana iya cizon yatsa don asirinsa ya tonu, amma ba a ce ya yi nadama sai laifin kansa ya dame shi, ko da ba wanda ya gani.

A makarantun zaure na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, kamar sauran ƙasar Hausa, ɗalibi kan fara cin karo da wannan batu a littafin Ahalari na Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16. Tun a farkon littafin aka jera sharuɗɗan tuba uku: nadama a kan abin da ya wuce, barin saɓon nan take, da ƙudurin ba za a koma ba. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya bayyana na huɗu a Riyadus Salihin: idan laifin ya taɓa haƙƙin wani, sai an mayar masa ko an nemi yafiyarsa. Istigfari da baki kaɗai ba ya sauke bashi.

Wannan sharaɗi na huɗu shi ne ya fi fitowa fili a zaman jama'a. Idan shanu suka yi ɓarna a gonar gero, akan kai magana gaban mai unguwa ko dagaci, a zaga gonar, a ƙiyasta ɓarnar. Makiyayi ya amsa laifi ya biya, manomi kuma sau da yawa ya rage wani abu don zaman tare. Maniyyaci kan bi 'yan'uwa da maƙwabta gida-gida kafin tafiya Hajji yana cewa a yafe masa. A wurin jana'iza ma akan yi shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya sanar da magada.

Malamai na gargaɗi a kan kuskure biyu. Na farko jinkiri, domin ba wanda ya san ranar ajalinsa, kuma Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce. Na biyu yanke ƙauna, wato mutum ya ɗauka laifinsa ya fi ƙarfin gafarar Allah. Nadama ta gaskiya tana tsakanin biyun: tana sa mutum ya gaggauta gyara, ya biya haƙƙi, ya ci gaba da rayuwa da kyakkyawan zato ga Ubangijinsa.