Sitem Sel da Ciwon Zuciya: Ina Aka Kwana a Ɗakin Bincike?

Idan fata ta yanke takan haɗe, idan ƙashi ya karye a ɗora shi ya kama. Zuciya ba ta samu wannan baiwar ba. Duk sanda jijiyar da ke kai mata jini ta toshe, naman wurin mutuwa yake yi, kuma ƙwayoyin halittar da za a rasa kan kai biliyan guda. Tabo ne ke maye gurbinsu, tabo kuwa ba ya bugawa. Binciken da aka yi a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin a 2009 ya nuna cewa zuciyar ɗan shekara 25 tana sabunta kusan kashi 1 cikin 100 ne kacal na ƙwayoyinta a shekara, abin kuma raguwa yake yi da tsufa.

Shi ya sa masana suka ɗora buri kan ƙwayoyin tushe, wato sitem sel, waɗanda ba su riga sun zama komai ba tukuna, ana iya juya su su zama nama ko jini ko jijiya. Burin ba laifi ba ne. Gaggawa ce ta so ta ɓata shi.

A 2001, Piero Anversa da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa cewa ƙwayoyin ɓargo sun sake gina zuciyar ɓeraye. Duniya ta ɗauka, likitoci a ƙasashe da dama suka shiga gwada hakan a kan mutane. A 2004 wasu ɗakunan bincike biyu suka maimaita gwajin, ba su ga abin da ya ce ya gani ba. Duk da haka tauraronsa ya ci gaba da haskawa, har ya koma Jami'ar Harvard. Sai a 2017 asibitin da ya yi wa aiki da kamfanin da ke riƙe da asibitin suka amince su biya gwamnatin Amurka dala miliyan 10 kan zargin samun kuɗin bincike da bayanan bogi. A 2018 jami'ar da asibitin suka nemi a janye maƙaloli 31 da suka fito daga ɗakin bincikensa. Shekara goma sha bakwai ke nan ana bin sawun da babu tabbas. In har manyan likitoci sun ruɗu tsawon wannan lokaci, ina ga mai ciwon da ke neman sauƙi ido rufe?

Aikin da ya tsaya da ƙafarsa ta wata hanya ya biyo. A 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Japan ya gano yadda ake mayar da ƙwayar fata ta koma ƙwayar tushe, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2012. Yau ana iya renon irin waɗannan ƙwayoyi a faranti har su zama naman zuciya, a leƙa ta madubin likita a ga suna bugawa da kansu. Abin al'ajabi ne, amma faranti daban, ƙirjin mutum daban. A 2014 tawagar Charles Murry ta Jami'ar Washington ta dasa ƙwayoyin zuciya da aka rena a jikin birai. Sun kama, sun yi nama, sai dai sun hargitsa bugun zuciyar biran, domin baƙin ƙwayoyin na bugawa da nasu lissafin. Akwai kuma fargabar cewa ƙwayar da ba ta gama rikiɗa ba za ta iya zama ƙari, ga jiki da kan yaƙi duk abin da ba nasa ba.

An dai kai ga mutane, amma da taka-tsantsan. A 2020 likitocin Jami'ar Osaka suka liƙa wa wani majinyaci siririn shimfiɗin irin waɗannan ƙwayoyi a zuciya. A 2025 masu bincike a Jamus suka ba da rahoton facin naman zuciya da ya rayu a jikin wata mata. Marasa lafiya ƙalilan ne ake gwadawa, a manyan asibitoci, da tiyata, da sa ido na watanni.

To sai a kwatanta wannan da garin da ake tallatawa a WhatsApp da tarukan 'yan netwok, wai sitem sel ne na tuffa ko inabi, a zuba ƙarƙashin harshe ya warkar da zuciya, ƙoda, suga, har da rashin haihuwa. Ƙwayar tsiro ba ta zama naman mutum. Abin da aka busar aka niƙa ya riga ya mutu, ciki kuma narkar da shi zai yi kamar kowane abinci. Allurar asibitocin kuɗi na ƙetare ma ba abin sakin jiki ba ce: a 2015 mata uku a jihar Florida sun yi asarar gani bayan an yi musu allurar sitem sel a ido.

Akwai inda sitem sel ya tabbata magani, kamar dashen ɓargo ga masu sankarar jini da masu sikila, wanda aka fara yi a Najeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Da wannan gaskiyar 'yan talla ke fakewa.

Babban haɗarin a wurinmu shi ne ajiye magani. Hawan jini ne kan gaba wajen kassara zuciya a ƙasashenmu, ga kuma ciwon zuciyar masu jego da ya yi yawa a Kano, Zariya da Sakkwato. Duka biyun suna da magungunan da aka gwada aka tabbatar, da yawansu ma ba su kai kuɗin kwalin garin nan ba. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, ko numfashinta ke sarƙewa in ta kwanta, asibiti za a kai ta a ranar. Wanda kuma aka yi wa tayin sitem sel, ya tambayi wace hukuma ta amince da shi a matsayin maganin zuciya, a wane asibiti aka gwada shi, a kan mutum nawa, sannan ya kai kwalin wa likitansa ya duba kafin ya biya ko kwabo.