Turancin littafi daban, Turancin kasuwa daban

Da an gama girbi, an zuba hatsi cikin rumbu, samarin Tamaske da na ƙauyukan Kaita, Buza da Madawa sai su ɗaure kaya su tafi cin rani. Wasu su nufi Abijan. Wasu su bi ta Ƙonni su shiga Najeriya, su sauka Sakkwato, Kano ko Ikko. Masu albasa kuwa suna bin kamiyo har Kumasi da Akra, cikin ƙasar Gana. A Najeriya da Gana harshen gwamnati Ingilishi ne, wato Turancin Ingila, wanda ya bambanta da Faransanci.

A can ɗan cin rani yakan haɗu da wani baƙo wanda ya fi shi nisan gida. Shi ne Basine, mutumin ƙasar Sin, wanda a nan ake kira Shinuwa. Wani yana sayar da atamfa a sari a Kantin Kwari na Kano. Wani shugaban aiki ne wurin gina hanya. Basine ba ya jin Hausa, ɗan Tamaske ba ya jin Sinanci. Ingilishi ne ke haɗa su, kuma su duka biyu aron shi suka yi.

Sinawa ba baƙin ido ba ne a Nijar. An ƙulla hulɗa tsakanin ƙasashen biyu a 1974, zamanin Seyni Kountché. Su suka gina babban filin wasa na Yamai, da matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram wadda aka buɗe a 2011. Gidan rediyon ƙasarsu ya fara magana da Hausa tun 1963. Yadda suke fama da Ingilishi abin sani ne ga duk mai fita waje neman abinci.

Turancin bebe

Basine ba ya wasa da karatu. Rubutun ƙasarsu ba haruffa ba ne, alamomi ne, kowace da ma'anarta. A dokar yaƙi da jahilci ta ƙasar, sai manomi ya san alama 1500 kafin a ce ya iya karatu. Mai karanta jarida yana bukatar wajen 3000. Haruffan Hausa da ake koyo a ajin yaƙi da jahilci ba su kai 40 ba.

Tun 2001 gwamnatin Sin ta ce a fara koya wa yara Ingilishi daga aji 3 na lakwal. Kowace shekara cikin watan Yuni ana babbar jarrabawar shiga jami'a, kuma harshen waje na cikin darussa uku na tilas. A 2024 ɗalibai fiye da miliyan 13 suka rubuta sunansu. Yaro yana haddace dubban kalmomi, ya ci jarrabawa. Amma ranar da ya sauka Landan ko Ikko, aka gaishe shi, sai ya tsaya yana kallo. Sinawa da kansu sun raɗa wa wannan suna: Turancin bebe. Ido na karantawa, hannu na rubutawa, baki kuwa shiru.

Wani ɓangare na wuyar daga harshensu ya taso. A Sinanci, da namiji da mace duka «ta» ake ce masu. Saboda haka Basine yakan kira namiji da kalmar mace in yana Ingilishi. Abin dariya ne ga Bahaushe, tunda a Hausa «ta» ta mata ce kaɗai. Wannan kuskure ƙarami ne, ana gane nufin mai magana. Babbar wuyar tana cikin maganar yau da kullum, wadda littafin lakwal bai damu da ita ba.

Kalma ɗaya, nufi goma

A duba kalmar «ci» a Hausa. Ana cin tuwo. Ana kuma cin kasuwa, ana cin bashi, ana cin sarauta, ana cin amana, ana cin rani. Baƙon da ya koyi «ci» a littafi zai yi ta mamakin yadda mutum ke tauna rani. In aka ce masa «kwana biyu», zai ƙirga kwana biyu cur, alhali an shekara ba a haɗu ba. A kasuwa ya taya akuya, mai akuya ya ce «albarka». Baƙo ya san albarka abu ne mai kyau, sai ya miƙa hannu ya kama igiya. Bai san an ƙi tayinsa ba ne.

Irin wannan ramin Basine ke faɗawa cikin Ingilishi. Ba'amurke ya gamu da shi ya ce «wats ap». In aka fassara kalma kalma, tambaya ce: me ke sama? Ba kome a sama. Gaisuwa ce, kamar «ina labari», kuma daga gare ta aka samo sunan WhatsApp da ke cikin wayoyin mutane. In Bature ya ce «ina jan ƙafarka», nufinsa wasa yake yi maka. In ya ce kaya sun ci masa hannu da ƙafa, tsada yake nufi. In ya ce wane ya shuri bokiti, mutuwa ya yi. Amma maganar raini ce, ba a kai ta gidan makoki. Ita ce kishiyar «ya riga mu gidan gaskiya». Wanda ya tsinci maganar bai san nauyinta ba, ya je ya faɗe ta gaban mai rashi, ya ɓata zumunci da bakinsa.

Wata maganar kuma ta tsufa. Littattafai da yawa suna koyar da cewa in ruwan sama ya yi ƙarfi sai a ce ana zubar da kyanwoyi da karnuka. Ɗalibi ya haddace, ya yi ta jiran damina don ya faɗa. Ranar da ya faɗa sai a yi murmushi, don samarin Ingila ba su cika faɗinta ba yanzu. Maganar samari kuwa juyawa take yi. Kalmar da ke nufin «mugu» ko «marar lafiya» a littafi, a bakinsu tana nufin abin ya yi kyau ƙwarai.

Sinanci ma cike yake da irin wannan. Mai kishi, sun ce yana cin ruwan tsami. Mai cika baki yana hura saniya. Abin da bai yi kyau ba bai kuma ɓaci ba, sai su ce «doki doki, damisa damisa». Mai jure wahala yana cin ɗaci, kusan yadda Bahaushe ke cewa an ci wuya. Tsofaffinsu suna gaisuwa da «ka ci abinci?», kuma ba gayyata ba ce. In suna ƙarfafa wa mutum guiwa sai su ce «ƙara mai». Mutanen Hong Kong sun yi ta faɗin wannan da Ingilishi har babban ƙamus na Oxford ya karɓe ta a 2018. Kenan aron ba gefe ɗaya yake tafiya ba.

Buroka

Basinen da ya sha wuya ya koyi maganar Amurka daga fim, da ya iso Najeriya sai ya tarar da sabon aiki. A tasha da kasuwa da wurin gini, Buroka ake yi, wadda Turawa ke kira Pijin. Harshe ne mai tsarinsa, miliyoyin mutane ke magana da shi, har BBC ta buɗe masa sashe a 2017. Masana da yawa suna ganin sunan Pijin ɗin ma daga ƙasar Sin ya fito, daga yadda fataken birnin Kanton ke furta kalmar Ingilishi mai nufin ciniki.

A nan ɗan Tamaske ya fi Basine sa'a, don Buroka tana tafiya kan tunanin mutanen Afirka. Mutum yana fita ya ce «a de kom». Basine ya ji «ina zuwa», ya ga mutum yana tafiya, ya rikice. Bahaushe bai rikice ba, haka yake faɗi a gida. In mutum ya yi tuntuɓe sai a ce masa «sori». Littafi ya ce kalmar neman gafara ce, Basine ya rasa laifin da aka yi masa. «Sannu» ce kawai, irin «yako» ta mutanen Abijan. «Wel don» a littafi yabo ne bayan an gama aiki, a Najeriya kuwa «sannu da aiki» ce. «Hau fa» ba tambayar nisan hanya ba ce, gaisuwa ce. «Cop» a Ingila sara ne, a Ikko ci ne, har da cin kuɗin mutane. «No wahala» kuwa ba ta bukatar tafinta, rabinta Hausa ce.

Akwai kalmomin da ya kamata a ji su da kunne biyu. Wanda ya tare hanya ya ce a ba shi «kola», ba goron ci yake nufi ba. Basine kuma in ya ce «yes», sau da yawa nufinsa «na ji», kamar «to» ta Bahaushe. In ya ce zai yi tunani a kai, galibi ya ƙi ne, kunya ta hana shi faɗi gatsau. Lebura da ya nemi ƙarin kuɗi ya ji «yes» ya tafi yana murna, ƙarshen wata zai iya ganin albashinsa yadda yake.

Maganar kuɗi

Rashin fahimtar gaisuwa dariya yake jawowa. Rashin fahimtar lissafi hasara yake jawowa, kuma kowace ƙasa da yadda bakinta ke ƙirga kuɗi.

Ɗan Nijar da dala yake ƙirga. In ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi. In ya ce jikka, sefa 1000. Basine da dubu goma goma yake ƙirga, abin da suke kira «wan». Dubu ɗari a wurinsa wan 10 ne, miliyan ɗaya wan 100. In yana juya wannan zuwa Ingilishi cikin sauri, sifili ɗaya yakan ɓace ko ya ƙaru. A Gana an canza kuɗi a 2007, sidi 10.000 na da ya koma sidi 1. Amma bakin kasuwa bai bi doka nan take ba, an daɗe ana kiran sidi 100 da miliyan. Ba'amurke yana kiran dalar ƙasarsa da sunan namijin barewa. Ga kuma 15 da 50 a Ingilishi, «fiftin» da «fifti», waɗanda cikin hayaniyar tasha kusan sautinsu ɗaya.

Fataken Afirka da ke zuwa sari Gwangzu, wato Kanton ta da, sun samo maganin wannan. Cikinsu akwai Hausawan Kano da Maraɗi da Yamai. Mai kanti yana buga farashi kan na'urar lissafi ya miƙa. Mai saye ya share ya buga nasa. Baki na iya yin wasa, amma ba a rabuwa sai an ga lamba da ido.

Yadda suke kwance bakin

Sinawan da suka iya magana ba daga jarrabawa suka iya ba. A birane da yawa akwai wurin da suke kira lungun Ingilishi. Fili ne cikin lambu ko cikin jami'a inda mutane ke taruwa da yamma, ba malami, ba allo, doka ɗaya ce: Ingilishi kaɗai za a yi. Na Jami'ar Renmin a Bejin, na daren Juma'a, ya yi suna ƙwarai. Kamar fada ce ta samari masu shan shayi, sai dai kowa ya zo ne don ya yi kuskure a gyara masa. Suna kuma kallon fim mai rubutu a ƙasa, su tsayar, su maimaita.

Masu farawa suna rubuta sautin Ingilishi da alamomin harshensu don kada su manta. «Na gode» ta Ingilishi sukan rubuta ta da alamomi uku masu sautin «san ke yu», waɗanda ma'anarsu ita ce giram uku na mai. Malamansu ba su son wannan dabara, sun ce tana karkata lafazi. Suna da gaskiya, amma ga mai neman abinci a ƙasar wani, lafazi mai karkata ya fi shiru.

Wanda ya yi ajin yaƙi da jahilci yana da wannan makami a hannu, kuma nasa ya fi sauƙi, don haruffan Hausa sauti suke rubutawa. Ƙaramin littafi cikin aljihu da biro sun isa. In ya ji sabuwar magana, ya rubuta ta dukanta yadda ta shiga kunnensa, kada ya tsinka ta kalma kalma. Ƙarƙashinta ya rubuta wanda ya faɗe ta, da wanda aka faɗa wa, da abin da ake ciki. Da dare ya tambayi maigidansa ko wani ɗan gari da ya daɗe a wurin. Tambayar biyu ce: me take nufi, kuma wa ake iya faɗa wa?

Tambaya ta biyu ita ta fi muhimmanci. Maganar titi da yawa zagi ce da abokai suka mayar wasa, kamar abin da taubasai ke faɗa wa juna a gida. Taubashi ya faɗa a yi dariya, bare ya faɗa a kai ƙara wurin hakimi. Samari suna ɗauko irin waɗannan kalmomi daga fim da waƙoƙin cikin waya, suna ganin wayewa ce. A gaban ɗan sanda, ko ma'aikacin duwan, ko mai gidan haya, kalma ɗaya irin wannan ta isa ta kwanar da mutum a rufe. Baƙo ya yi ƙoƙari ya gane duk abin da ake faɗi, amma abin da zai fito daga bakinsa ya zama gaisuwa, da godiya, da maganar da ya tabbatar da ita.

In kuwa maganar ta kai ga kuɗi, farashin buhun albasa ne ko ladan aikin wata, sai a rubuta lambar a takarda. A rubuta sunan kuɗin kusa da ita, naira ce, sidi ne ko sefa. Su biyun su duba, kowa ya riƙe tasa takardar, sannan a sauke kaya daga kamiyo.